Neman shawara: Kano zuwa Potiskum a Boxer da kaya, in ƙara wa kariya (ƙarfen ɗora kaya na bayan babur) tsawo ko a yi kwando a gefe?

Ɗan Fika: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kano nake aiki, iyalina suna Potiskum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina duk wata, shi ne na koma zuwa gida a babur ɗina, Boxer 100, shekararsa biyu a hannuna. Da jaka ɗaya nake tafiya, amma wannan karon akwai kaya: kan keken ɗinki Butterfly da na saya wa maiɗakina, shinkafa kilo 25, jakar kayana, da 'yar jarkar mai. Kariyar kamfani ba za ta ɗauka ba. Wani mai walda ya ce in kawo ya ƙara mata tsawo ta baya kamar taƙi biyu, wani kuma ya ce gara kwandon ƙarfe biyu a gefe da gefe. Wanne ya fi? Ni kaɗai ne, babu goyo. Kuma don Allah kada a ce in saka a mota, akwai dalili.

Sarkin Zumuɗi: Wa alaikumus salam. Ka saka a mota kawai, Malam.

Abu Hanifa 77: Ka sayar da shi ka ciko ka sayi 150, shi ne maganin doguwar tafiya. Kuma in da Hajiya za ku tafi ka rage kayan.

Ɗan Fika: Na ce babu goyo, ɗan'uwa. Hajiyar ce ma nake zuwa wajenta.

Baban Ummi: Ɗan Fika, ka saurare ni da kyau, don ni abin ya ci. Shekara uku ke nan na kai nawa wajen wani mai walda a unguwarmu, ba zan kama suna ba, shi da Allah. Ya ƙara tsawon da rodi, ya liƙa shi kai tsaye a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, ya shafa baƙin fenti yana ta sheƙi. Har hawa ya yi a kai ya yi tsalle, wai in gani. Na ɗaura kayan auren ƙanwata, kuloli da faranti da tangaran, na nufi Azare. Tun daga Wudil na ji kan babur ya yi sakayau, sai ka ce tayar gaba ba ta son ƙasa. Na ce ko iska ce. Bayan Kiyawa wata tirela ta wuce ni, kan ya fara kaɗawa, na faɗa wani rami, sai na ji ƙas! Ba kariyar ce ta karye ba, ƙashin babur ɗin ne ya tsage daidai inda ya yi waldar. Kaya suka zauna a kan taya, tayar ta cije, na ja ƙasa da gwiwa. Ina kwance ina jin tangaran yana ta tarwatsewa a kwalta. Marfin kula ɗaya ya gangara har tsallaken titi yana juyi shi kaɗai, ina kallonsa. Har yau in sanyi ya shigo gwiwar nan sai ta tuna mini.

Sarkin Zumuɗi: Subhanallahi. Marfin dai ya isa Azare ko?

Baban Ummi: Kai yaro ne, ba ka san zafin abin ba. Da na koma wajen mutumin cewa ya yi wai lodi na yi wa babur kamar jaki. Ko sannu bai ce ba. Ƙanwata ta tare da rabin kaya, surukai suna ta tsegumi.

Oga Bakanike: Allah ya kiyaye gaba, Baban Ummi. Amma laifin wurin da aka yi waldar ne. Ƙa'ida ita ce ba a kai wuta jikin ƙashin babur, ƙarfen siriri ne, zafi yana raunana shi. A ƙera kariyar a ƙasa, a ɗaura ta da noti a ramukan da kamfani ya bari, a ba ta ƙafa biyu su sauko su tokare wajen matakar mai goyo. Sannan duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya ɗaga gaba yake yi, shi ya sa kan ya yi maka sakayau. Ɗan Fika, tunda ba ka da goyo, kujerar baya ai fili ce. Kwantar da shinkafar a nan ta jingina da bayanka. Keken a gefe ɗaya, a ƙasa-ƙasa, jakar a ɗaya gefen. Abin da ba shi da nauyi ne kawai zai hau kariya. In dole sai an yi walda babur na tsaye, a cire tanki a cire batir.

Injiniya Sabo: Daidai ne, amma keke ya fi jakar kaya nauyi, babur zai rinjaya gefe ɗaya. Sai an auna su an daidaita. Kuma gefen dama akwai salansa, a bar tazara, in ba haka ba jakar za ta narke. Jarkar mai kuwa kada ta kusanci wajen ko kaɗan, kuma kada a cika ta fal, rana tana kumbura ta.

Mai Goyo Tun 99: Injiniya, ka taɓa ɗaukar buhu a babur kuwa, ko a littafi ka gani? Ni na yi acaɓa a Kano har ranar da aka hana mu goyo a 2013, na koma ɗaukar kaya daga Dawanau. Buhun masara biyu nake ɗorawa, ɗaya a kujera ɗaya a kan tanki, ban taɓa sanin mai walda ba. Katako biyu ka gicciya, ka sami robar tib ɗin mota ka yanka ta tsaye, ka ja ta har sai ta yi kuka. Igiya tana saki, roba ba ta saki. Shi ke nan.

Injiniya Sabo: Baba, daga Dawanau zuwa cikin gari daban, wajen kilomita 300 daban. Buhu a kan tanki awa shida, ta ina zai juya kan?

Mai Goyo Tun 99: Ka ji ɗan boko. Mu da hannu muka sani.

Oga Bakanike: Ku ne dai kuke kawo mana babur shokoba ta zauna, sifok ya karye guda biyar, kuna cewa kayan yanzu ba su da kyau.

Baban Ummi: Nawa ma ai bakanike ne ya nuna mini mai waldar. Duk bakinsu ɗaya.

Oga Bakanike: To ba ni ba ne dai, Alhaji.

Ɗan Fika: Na gode ƙwarai. To kwandon gefen nawa zai ci? An ce mini dubu 18 da ƙarfe da aiki.

Abu Hanifa 77: An cuce ka. Dubu 7 aka yi wa maƙwabcina.

Oga Bakanike: Dubu 7 a wace shekara? Kuɗin ƙarfen kaɗai ya fi haka. In aiki mai kyau kake so, da fayif mai kauri da noti da fenti, ka tanadi 25 zuwa 30.

Ɗan Damagaram: Mu nan jika goma aka yi mini a moto na, Kasea, kuma har Tanut nake zuwa da shi cikin rairayi. Amma kwandon gefe yana da nasa, in ka faɗi shi ke fara danne maka ƙafa. A yi shi can baya kaɗan, kada ya taɓa dunduniya in ka sauke ƙafa.

Sarkin Zumuɗi: Jika goma nawa ke nan a kuɗin mutane?

Ɗan Damagaram: Ka je Wapa wajen 'yan canji ka tambaya, sai ka san kuɗin wa ne na mutane.

Maman Walid: Ku kuna ta ƙarfe, ni keken nake ji. Malam, ka cire allura, ka sauke ƙafar keken a kan ƙyalle, ka naɗe shi da bargo kafin ka saka a kwali, ka cusa tsumma ta ko'ina kada ya motsa. Nawa a bayan babur aka kawo shi daga kasuwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, tun ranar yake tsallake ɗinki sai da mai gyara ya saita shi. Kuma ka rufe da leda mai kauri, ƙura ta fi ruwa ɓarna.

Ɗan Fika: Allah ya saka, Hajiya. Dalilin da ya sa na ƙi mota ke nan, wancan karon fanka na aika, ta iso wuya a karye.

Mai Goyo Tun 99: In ka ɗaure, ka tsaya a Wudil ka sake ja, kaya suna zama bayan tafiya kaɗan. Ka duba cen, wato sarƙar babur, bayan ka hau da kayan, don nauyi yana ƙara mata tauri. Ka ƙara wa tayar baya iska. Kuma kada ka bi ranar Juma'a, kasuwar Wudil ce, motocin shanu ba za su bar ka ba.

Injiniya Sabo: Yau dai mun yi daidai da Baba.

Mai Goyo Tun 99: Ban nemi shaidarka ba.

Baban Ummi: Duk ku gama, ni dai na ce kada ya yarda da mai walda. Har yanzu rasit ɗin asibitin yana cikin durowata.

Talaka Bawan Allah: Maganar rasit ta tuna mini. Ɗan Fika, ranar da ka saka kwandon nan ka zama ɗan kasuwa a idon masu tare hanya. Ni da kariyar kamfani ba wanda yake kallona. Ina saka akwati a baya, sai ga masu gungume da ƙusa, wai kuɗin lodi. Na ce kayan sawata ne, suka ce a kwance. Ɗaurin da na yi rabin awa ina yi, na kwance shi a rana, suka leƙa, suka ce to na ruwa. A tafiya ɗaya sau uku.

Abu Hanifa 77: Ni rasit uku aka ba ni rana ɗaya, kowanne da kalarsa, kowa ya ce na ɗan'uwansa ba ya aiki a nan.

Ɗan Damagaram: Ku dai ku ce babu jarka. In suka ga esansi, wato fetur, a moto, ranar sai ka yi bayani kamar kai ka haƙo shi.

Maman Walid: Shi keken ma ka riƙe takardar sayensa a aljihu, kada a ce na sata ne.

Ɗan Fika: To jama'a, a taƙaice kwandon zan yi ko katako da roba? Jibi nake son tashi.

Talaka Bawan Allah: Na ukun da ya tare ni a hanya ma ko riga ba shi da ita, sanda kawai ya riƙe. Na ce masa wa ya aiko ka, ya ce in tambayi sandar.

Sarkin Zumuɗi: Ka tambaye ta?