Rubutuna sun haura 400 amma Google kaɗan yake nunawa, ko tsarin shafin ne matsalar?

Mai_Gyaran_Waya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar SEO, wato dabarun sa shafi ya fito a binciken Google. Ina da shafi a WordPress inda nake rubuta yadda mutum zai gyara matsalar waya da kwamfuta da kansa, shekara uku kenan ina zuba rubutu, yanzu sun kai 430 da 'yan kai. Da na shiga Google Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki a bincike, na duba rahoton shafuka sai na ga wajen 150 ne kawai suka shiga rumbun Google, wato ma'ajiyar shafukan da yake nunawa a bincike, sauran yawancinsu an sa su a jerin waɗanda aka gano amma ba a ɗauka ba tukuna, kuma wallahi a cikinsu akwai waɗanda na kwana ina yi, da hotunan mataki mataki da na ɗauka da hannuna. Taswirar shafi kuwa, wato sitemap, fayil ɗin jerin adireshin shafukana, tun bara na tura wa Google.

Ga yadda shafin yake. Menu na sama abu uku ne, Gida, Game da Mu, Tuntuɓe Mu. Shafin farko yana nuna rubutu 10 na ƙarshe, daga nan sai dai ka yi ta danna "na gaba". Rukuni 31 nake da su, tag kuma, wato kalmomin alama da ake liƙa wa rubutu, ya fi 900 don kowane rubutu sai na ƙirƙiro masa biyar ko shida. Jiya wani mai karatu ya tambaye ni ko na taɓa rubutu kan batirin da ke kumbura, na san na rubuta amma minti goma ina nema ban gan shi ba, ashe yana can shafi na 38. Abin ya tsaya min a rai sosai. Ta ina zan fara gyara?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai labarin batirin nan ya ba ka amsar, abin da mai gida ya kasa samu a ɗakinsa baƙo ba zai same shi ba, Googlebot kuma, injin da Google ke aikowa ya karanta shafuka, baƙo ne, ba shi da hanyar zagaya shafinka sai ta linki. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998 a kan haka aka gina shi, tsarinsu na PageRank yana auna darajar shafi ne da linkin da ke nuna shi, kuma har linkin cikin gida ana lissafawa, wato wanda rubutunka ke yi wa wani rubutunka. To yi lissafi, rubutu 430 goma goma shafi 43 kenan, wanda ke shafi na 38 sai an danna sau 37 kafin a isa gare shi, kuma ina kyautata zaton ba wani rubutu da ya ambace shi. Kamar ka faɗa wa Google ne da bakinka cewa wannan ba shi da muhimmanci.

Taswirar da ka tura ta yi aikinta, shi ya sa aka ce an gano su. Google ya fito da ita a 2005, a 2006 Yahoo da Microsoft suka amince da ita, fayil ɗaya yana ɗaukar adireshi har 50,000, amma jerin suna ce kawai. Tana cewa ga shafi nan yana nan, ba ta tilasta a ɗauke shi, kuma ba ta nuna wane ne babba wane ne ƙarami.

In ni ne, biro da takarda zan fara ɗauka kafin in taɓa kwamfuta. Rukuni 31 ɗin nan ka matse su su koma shida ko bakwai, kuma ka raba su yadda mai matsala yake tunani. Wanda wayarsa ta ƙi caji ba ruwansa da wane wata ka yi rubutun, abin da ke kansa caji ne. To ka ga Batiri da Caji, Allo, Sauti, Intanet da Sabis, Manhaja, Kwamfuta. Waɗannan su hau menu na sama. Sannan kowane rukuni ka yi masa shafi na gaske, kar ka bar shi jerin kanun rubutu tsirara kamar yadda WordPress yake fitarwa, ka rubuta bayani a sama, in wayarka tana zafi wajen caji duba wannan, in batiri ya kumbura duba wancan, kowanne da linkinsa. Shi ne uwa, rubuce-rubucen su ne 'ya'ya, kowane ɗa ya nuna uwarsa kuma ya nuna 'yan uwansa biyu ko uku a tsakiyar magana inda ya dace. Kalmar da za ka ɗora wa linkin ma ka kula da ita, "danna nan" ba ya gaya wa kowa komai, amma "alamomin batirin da ya kumbura" mutum ya gane, injin ma ya gane.

Aikin yana cin rai gaskiya, komawa tsofaffin rubutu ɗaya bayan ɗaya ana saka linki, amma ban taɓa ganin filogi, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, da ya yi shi da kyau kamar hannun wanda ya rubuta ba.

Yar_Rubutu:

Malam na goyi bayan abin da yaya Tsohon_Hannu ya faɗa, ni tag ɗin nan 900 ne suka tsaya min. Kowane tag a WordPress shafi ne mai zaman kansa da adireshinsa, kenan shafukan tag ɗinka sun ninka rubutunka na gaske sau biyu, kuma yawancinsu rubutu ɗaya tal ne a ciki. Na tabbata za ka samu "batiri", "batir", "batirin waya", "matsalar batiri" duk daban daban alhali abu ɗaya ne. Ka haɗe masu kama da juna, wanda rubutu ɗaya ko biyu ne a cikinsa ka goge, in ka ga dama ka bar kamar 30 masu amfani. In ba ka son su fito a bincike filogin Yoast da na Rank Math duk suna da wajen sa musu noindex, wato umarnin kar a sa shafi a rumbu, amma kar ka haɗa da toshe su a robots.txt, fayil ɗin da ke faɗa wa Googlebot inda ba zai shiga ba, don in ka toshe Googlebot ba zai shiga ya ga noindex ɗin ba balle ya bi umarnin.

Sai jan kunne ɗaya, don ni abin ya taɓa ci na. Lokacin da na gyara rukunan shafina ban lura cewa sunan rukuni yana cikin adireshin kowane rubutu ba, ina canzawa adireshi sama da 200 suka mutu a dare ɗaya, duk wanda ya taho daga Google sai ya tarar da 404, wato saƙon ba a samu shafin ba, masu ziyara suka zube na yi sati ban san dalili ba, har kuka na yi. Ka duba naka tukuna. In sunan rukuni ba ya cikin adireshin to ka huta, rubutun ba za su motsa ba, shafukan tsofaffin rukunan kawai za ka tura. In yana ciki, kowane tsohon adireshi ka yi masa turawar 301, wato turawa ta dindindin, zuwa sabonsa kai tsaye, ba zuwa shafin farko ba, kuma Google da kansa yana ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara guda. Ka ajiye kwafin shafin gaba ɗaya kafin ka fara don Allah.

Dan_Kod:

Ina da ɗan ja kaɗan. Kar ɗan uwanmu ya ɗauka yana gyara menu shafuka 280 za su faɗa rumbu gobe. Wani lokaci Google yana jinkirta shafi ne saboda ya ga irinsa da yawa a wajenka. In ka rubuta "waya ta ƙi caji" sau biyar a shekara uku da kalmomi kusan iri ɗaya, su biyar ɗin kokawa suke da juna, gara ka narka su su zama guda ɗaya mai ƙarfi ka tura sauran huɗun gare shi. Kuma ka bambance saƙo biyu a Search Console, wanda aka gano ba a ziyarta ba daban, wanda aka ziyarta aka karanta aka ƙi ɗauka daban. Na farkon ya fi kama da matsalar linki, na biyun sau da yawa rubutun ne ke buƙatar aiki.

Abu biyu da ba a ambata ba. Ka buɗe shafin a waya ka duba, don yanzu da fuskar waya Google yake auna shafi, ya fara komawa haka a 2018 ya sanar da kammalawa a 2023. Menu ya ɓuya a bayan layukan nan uku ba laifi ba ne muddin linkin suna cikin HTML, wato kod ɗin shafin, matsalar ita ce jigon WordPress (theme) da ke cire su gaba ɗaya a waya. Haka maɓallin "ƙaro wasu" da ke aiki da JavaScript kaɗai, Googlebot ba ya danna maɓalli, sai linki na gaske mai adireshi. Na biyu ka sa layin sawu a saman kowane rubutu, Gida > Batiri da Caji > Batirin da ya kumbura. Tun Janairun 2025 Google ya daina nuna shi a sakamakon bincike na waya, sai a kwamfuta, amma linki ne daga kowane rubutu zuwa uwarsa ba tare da ka sha wahala ba, kuma wanda ya faɗo tsakiyar shafinka daga bincike zai san inda yake.

Mai_Gyaran_Waya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba, sunan rukuni ba ya cikin adireshina alhamdulillah, 'yar uwa kin cece ni don da kai tsaye zan fara. Na sauke Screaming Frog, manhajar da ke bin linkin shafi kamar Googlebot, na kyautan mai tsayawa a adireshi 500, na sake shi a shafin, kafin ya cika yawanci tag da hotuna ya kwaso, rubutun gaske bai kai 90 ba, na batirin ma bai kai gare shi ba. Na kuma samu rubutu huɗu kan rashin caji kamar yadda Dan_Kod ya hango. Rukunan sun koma bakwai a takarda.

Tambaya ɗaya ta rage, wasu adireshina suna da ƙ da ɗ a ciki, in na kwafa na tura wa mutum sai su koma wasu alamomi masu tsawo. In gyara su duka tunda ina cikin aikin?

Tsohon_Hannu:

A'a bar su ɗan uwa. Haka burauza take rubuta harafin da ba na Turanci ba, ƙ ta koma %C6%99, Google yana karanta su lafiya lau, munin gani ne kawai. Canza adireshin da ya riga ya shiga rumbu saboda wannan bai kai haɗarinsa ba. Sababbin da za ka rubuta ka sa k da d da b a adireshin, gajere, da ɗan layin tsakiya tsakanin kalmomi, ƙugiyar kuma ka bar ta a kanu da cikin rubutu inda take da amfani.

Ka fara da rukunin Batiri da Caji shi kaɗai, ka gama shafin uwar, ka haɗe huɗun nan, ka ɗaure 'ya'yan, sannan ka sa adireshin uwar a akwatin binciken adireshi na Search Console ka nemi a ziyarta. Ka rubuta adadin da ke rumbu yau a gefe, bayan sati huɗu zuwa shida ka dawo nan ka faɗa mana nawa ne daga rukunin suka shiga kafin ka taɓa na biyu.