Yaƙi da jahilci, kwaleji ko jami'a: ina zan dosa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah kar a yi mini dariya. Shekarata 32, ina zaune a Tudun Wada nan Gusau, ɗinki nake yi a gida. Ina aji 2 na ƙaramar sakandare aka yi mini aure. Ko a littafin awona, sunayen mata da ajami nake rubutawa, lambobi ne kawai na boko. Makon jiya ɗiyata 'yar aji 5 ta kawo aikin gida na Turanci, na juya takardar nan har sau uku, ƙarshe na ce ta jira babanta. Kallon da ta yi mini ya hana ni barci. Maigida ya yarda in koma karatu. Yayana ya ce in shiga yaƙi da jahilci, ƙawata ta ce wannan na tsofaffi ne, in nemi FCE, wato kwalejin horar da malamai ta tarayya, ƙanin mijina kuma ya ce in za a sha wuya a sha ta gaba ɗaya, jami'a. Kaina ya ɗaure.

Wani malamin firamare daga Maru: Wa alaikumus salam Malama. Su ukun nan kowa da gaskiyarsa, amma matakala suka nuna miki, kowa ya nuna tasa hawa. Kwaleji ko jami'a, ba wadda za ta duba ki sai da sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit ɗin da suke nema. Ke kuwa ba ki gama JS3 ba. Don haka maganar FCE da jami'a a ajiye ta tukuna. Ki je ofishin hukumar ilimin manya ta jiha ki tambayi ajin da ya fi kusa da ke. Ki gaya musu inda kika tsaya, kar su zaunar da ke da masu koyon a, ba, ca. Akwai ajin masu ci gaba, shi ne naki. In hannunki ya faɗa, sai ki zauna NECO ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. Wurare da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko Lissafi ya kayar da ke karon farko ba a rasa komai ba.

Wata 'yar'uwa daga Samaru: Ƙanwata, wagga hanya ni na bi ta, da goyo a bayana. Ajinmu akwai wadda ke zuwa da jikanta, ba wanda ya kalle ta. Abin da zan faɗa miki na gaskiya: takardar ajin manya ita kaɗai ba ta ba da aiki, kuma wani lokacin malama sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Ni sai da na haɗa da lesin wurin wata ɗalibar kwaleji, ina ɗinka mata kaya tana koya mini Turanci. Bayan NECO na shiga FCE Technical ta nan Gusau, ta mata ce zalla, abin da ya sa maigidana bai yi gardama ba ke nan. NCE, takardar da kwalejin ke bayarwa, shekara 3 ce, kuma da ita ake ɗaukar malamin makaranta. Tunda ke tela ce, ki duba sashen Home Economics, rabin aikin yana hannunki.

Wani ɗan'uwa daga Ƙaura: Ni dai jami'a nake gani. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga NOUN da ake karatu daga gida. Mi za a yi da NCE a zamanin nan?

Malamin Maru: Ɗan'uwa, digiri shekara 4 ne mafi ƙaranci, kullum ana aji, ga yara ga keken ɗinki. NOUN kuma sai mai iya zama shi kaɗai da littafin Turanci da kwamfuta, ka ji ta ce aikin aji 5 ya gagare ta. Kuma mai NCE ko ND, wato diflomar poli, ba a rufe masa ƙofa ba, yana shiga jami'a a aji 2 ta Direct Entry. Poli ɗinku ta Ƙaura ma ND shekara 2 ce, sai dai ba zan ce wa matar aure ta riƙa bin hanyar nan kullum ba, ka san halin da ake ciki.

Wata Hajiya: Ɗiyata, me kike so da karatun? In don ki duba littafin yara ne ki kuma riƙe lissafin ɗinkinki, ajin manya ya ishe ki. In albashi kike hange, ki ɗaura ɗamarar shekara 5 ko 6. Kuma kar ki saki keken nan, shi zai biya kuɗin fom.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, gaskiya da littafin yaran kawai na fara tunani, amma maganar Yaya ta Samaru ta shiga raina. Litinin yayana zai raka ni ofishin. Yaya, ajin naku da safe ne ko bayan la'asar? Don ɗinkin salla ya fara taruwa.