Neman Hausar "kwantum": ni dai na tsaya a kan ƙulli

'Yan uwa, ina koyar da manya karatu da lissafi a wani ƙauye na ƙasar Ringim, mata da la'asar, maza bayan isha'i a zauren mai unguwa, ƙarƙashin ƙwan sola guda ɗaya. Daren Talata wani dattijo manomin rani ya nuna ƙwan ya ce, "Malam, yaya rana ke shiga farantin can ta fito wuta?" Ina cikin bayani na ce kwantum. Zaure ya yi tsit. Can ya ce, "Shi kuma wane ne?" Na kwana da tambayar nan a raina.

Mu fara da abin da kalmar ke nufi. Asalinta Latin ne, ma'anarta "nawa?" A Disambar 1900 masanin kimiyya Max Planck ya nuna a Jamus cewa abu mai zafi ba ya sakin makamashi yadda ruwa ke zuba daga buta, ka tsiyayi ko nawa ka ga dama. Rabo-rabo yake fita, kuma ba a raba rabon biyu. Wannan rabon shi ne kwantum. A 1905 Einstein ya ce shi kansa haske haka ake karɓarsa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1921.

Wasu sun ce a kira kwantum ƙwaya. Jakin nan kaya sun yi masa yawa: ƙwayar zarra, ƙwayar cuta, ƙwayar magani. Kuma kwantum sunan adadi ne tun kafin ya zama sunan abu.

Wani malamin sakandare daga Gumel ya kawo "kashi", irin na tumatir a kasuwa. Ma'anar ta zauna daram, na yaba. Sai dai ba mu sa alamar karin sauti a rubutu, kuma kowa ya san abin da sabon mai karatu zai fara furtawa a gaban dattawa. Na ajiye ta.

A ajin mata aka warware mini. Wata inna mai sayar da kayan miya a cikin gida ta gama saurarona ta ce, "Ɗan nan, ai ƙulli kake nufi. Ni ba na kwance ƙullin gishiri in sayar da rabi. Ɗaya, biyu, uku, ko ka bari." Wallahi sai da na ajiye alli.

Ku dubi yadda kalmar ke ɗaukar sauran bayanin. Ƙulli ba girmansa ɗaya ba, akwai na hamsin akwai na ɗari. Haske ma haka: ƙullin jan haske ƙarami ne, na shuɗi ya fi shi, na hasken nan da ya zarce shuɗi har ido ba ya ganinsa ya fi su duka. A cikin ƙarfe akwai ilektaron, ɗan ƙanƙanin abin da gudanarsa ke zama wutar lantarki, kuma ƙulli ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Ka haska ƙarfen tutiya da jan haske komai ƙarfinsa, ko gezau. Ka kawo hasken nan da ya zarce shuɗi, mai babban ƙulli, ko da kaɗan ne, nan take ilektaron ya fice. Farantin sola ma sai ƙullin ya kai wani mizani yake tayar da ilektaron a cikin silikon, abin da aka ƙera farantin da shi, wuta ta gudana. Da na mayar wa dattijon nan da bayani haka, ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu ka yi Hausa."

Suka biyu aka yi mini. Na farko, ƙulli na nufin makirci ko sammu. Gaskiya ne, amma wanda ya ji "ƙullin haske" ba zai tafi can ba.

Na biyun ya fi nauyi. Wani ɗalibin jami'a ya ce kalmar ta ɓoye rabin magana, tunda haske na tafiya ne kamar igiyar ruwa, yana bazuwa, yana haɗuwa da ɗan uwansa su ƙaru ko su kashe juna. Ya yi gaskiya. Amsata ita ce, ƙulli kalmar bayarwa da karɓa ce, kuma a nan ne kaɗai ake kama haske guda-guda. Abin da yake yi a hanya, tsakanin fita da isowa, shi ne masanin kimiyya Niels Bohr da Einstein suka yi ta ja-in-ja a kansa tun taron masana kimiyya na Solvay na 1927 a Beljiyam. Bohr ya ce kada a yi maganar inda abu yake kafin a auna shi. Einstein ya ƙi yarda, ya ce ka'idar ce ba ta cika ba, ya sake tayar da maganar a 1935. Har gobe masana na fassara wannan gaɓa iri-iri. Ba na son kalmarmu ta yanke hukuncin da su ba su yanke ba, kuma ƙulli bai shiga faɗan ba.

Ga abin da zan rubuta a allo ranar Talata in Allah ya kai mu: ƙulli, ƙullin haske, kimiyyar ƙulli, makamashi na zuwa ƙulli-ƙulli. Mutanen Haɗejia da Kazaure, in kalmar na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa mini kafin ɗalibai su kwafa a littafi.