Binciken haraji ko binciken ra'ayi? Abin da masu ƙungiyoyin sa-kai suka gani

Ma'ajin ƙungiyar 'yan haya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin ƙungiya ya faɗa mana abin da ya gani da hukumar haraji ta zo bincike. Tamu ƙungiyar ta yi shekara da shekaru tana miƙa bayanan kuɗinta, ba wanda ya ce mata uffan. Muna fitar da takardar sukar wata dokar gidaje, sai ga wasiƙa. Yawancin tambayoyin ba su shafi kuɗi ba: su wa suka yi jawabi a taronku, ina kwafin takardun da kuka raba, wa ke shirin tsayawa takara cikin shugabanninku. Haka ake yi wa kowa?

Akanta: Wa alaikumus salam Malam. Ba kowa ake yi wa haka ba, kuma ba a kanku farau ba. A Amurka, ranar 10 ga Mayun 2013, Lois Lerner, shugabar sashen ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji a hukumar harajin ƙasar, wato IRS, ta fito ta nemi afuwa saboda ma'aikata sun riƙa ware takardun neman yafe haraji na duk ƙungiyar da sunanta ke ɗauke da "Tea Party" ko "Patriots", sunayen da masu ra'ayin riƙau ke yawan amfani da su, don ƙarin bincike. Rahoton babban sufeton haraji na Ma'aikatar Baitulmali ya nuna wasu sun jira amsa fiye da shekara uku, wasu kuma an nemi su kawo sunayen masu ba su gudummawa. Muƙaddashin shugaban hukumar, Steven Miller, ya sauka a watan. A 2017 wani rahoton ya nuna an yi amfani da kalmomi irin su "Progressive" da "Occupy" wajen ware na ɗaya ɓangaren ma, wato masu ra'ayin kawo sauyi. Ni da nake duba littattafan ƙungiyoyi, alamar da nake lura da ita guda ce: in tambaya ta bar rasit ta koma kan abin da kuka faɗa, to da walakin.

Sakatariyar ƙungiyar mata: Mu jiran ne ya karya mu. Ba a ce mun yi laifi ba, ba a kuma wanke mu ba. Wata gidauniya da ta yi alkawarin biyan malaman ajin yaƙi da jahilci ta ce sai mun kawo takardar shaida, takardar kuwa tana can a maƙale. Akwai wata dattijuwa da ba ta fashin ba mu taimako duk wata. Ranar da ta ji ana neman sunayen masu bayarwa, ta zo ofis da kanta, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, don Allah goge sunana, ɗana aikin gwamnati yake yi." Na goge, hannuna na rawa. Da aka rufe binciken ba a same mu da ko kwabo ba, amma ajin ya riga ya watse.

Tsohon jami'in haraji: Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri, abin da ciwo. Amma ku bar ni in faɗi ta ɗaya gefen. Yafe haraji kuɗin jama'a ne aka bar wa ƙungiya, dole a duba ko jam'iyya ce ta yafa mayafin agaji. Na taɓa buɗe fayil na tarar rabin kuɗin marayu a fastocin ɗan takara ya ƙare. Inda ake kuskure shi ne wurin zaɓen wanda za a bincika. Takardu sun yi tsauni, ma'aikata kaɗan, sai a nemi gajeriyar hanya a tace da suna. Ko ba wanda ya bugo waya daga sama, wannan son kai ne, domin suna ba shaida ba ne.

Ɗalibin shari'a: Baba, na yarda, sai dai wani lokacin daga saman ne. A Kanada gwamnatin Stephen Harper ta ware kuɗi na musamman a kasafin 2012 don binciken ayyukan siyasa na ƙungiyoyin agaji, masu rajin kare muhalli suka yi ta kukan cewa su aka sa wa ido. A 2018 wata kotu a Ontario ta soke ƙa'idar da ta hana ƙungiya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na dukiyarta a irin waɗannan ayyuka. Ƙungiyar da nake yi wa aikin sa-kai ba a taɓa bincikarta ba, amma shugabanninmu sun daina sa hannu a kowace takardar koke don tsoro. Wannan shirun ba ya fitowa a kowane rahoto.

Sakatariyar ƙungiyar mata: Malam Ma'aji, kada ku amsa komai ta waya, ku ce a rubuto. A kan kowace tambaya ku nemi a nuna muku sashen dokar da ya ba da damar yin ta. Kafin ku miƙa sunan ko mutum ɗaya, ku ga lauya, ku kuma sanar da masu ba ku gudummawa tun da wuri.