Dattijon da nake kula da shi ya haura shekara 30 da HIV, me zan sa wa ido?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kula da tsofaffi a gida nake yi a Bronx, a birnin New York. An ba ni wani dattijo ɗan Puerto Rico mai shekara 67, yana ɗauke da HIV tun 1992. Yana shan dolutegravir, maganin HIV, da metformin saboda ciwon suga, da ƙwayar kalsiyam, duka a tare da safe kafin ya ci komai. Ƙafafunsa na zogi da dare. 'Yarsa kuma tana kawo masa ganyayyaki daga shagon botanika. Ku taimaka mini.

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Fara da kalsiyam ɗin nan. Idan cikinsa babu abinci, kalsiyam yana riƙe dolutegravir a hanji, maganin bai shiga jini yadda ya kamata. Ko dai ya sha dolutegravir awa 2 kafin kalsiyam, ko awa 6 bayansa, ko ya haɗa su a kan abinci. Sannan dolutegravir yana ɗaga metformin a jini, shi ya sa yawanci ba a wuce miligiram 1,000 na metformin a rana. Ganyen da suke kira hierba de San Juan kuwa, kada ya kusance shi, yana rage ƙarfin dolutegravir. Zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har ganyen, a kai wa likita.

Ma'aikaciyar jinya: Zogin ƙafa zai iya zama daga suga, ko daga stavudine da didanosine, magungunan HIV da aka riƙa bayarwa a shekarun 1990, sun lalata jijiyoyin mutane da yawa. Kullum ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, don rauni kan shiga bai ji ba. A auna ƙashinsa da ƙodarsa, musamman in ya daɗe a kan tsohon tenofovir, wani maganin HIV. A tambayi likita batun pitavastatin, maganin rage kitse a jini. Binciken REPRIEVE na 2023 ya nuna maganin yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu HIV.

Jami'in walwala: Hajiya, kada ki bari 'yarsa ta zama tafinta a asibiti. Dattijan nan kan ɓoye damuwa da kaɗaici gaban 'ya'yansu, gudun abin da jama'a za su ce. Asibiti na ba da tafintan Sifaniyanci kyauta, ki nema tun ranar yin alƙawari. In kuɗin magani ya yi masa nauyi, a bincika ADAP, tallafin sayen magani ga masu HIV a ƙarƙashin shirin gwamnati na Ryan White.