Sanitaiza: me za mu kira shi a sanarwar rediyo?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara sanarwar Ranar Wanke Hannu ta Duniya, 15 ga Oktoba, gobe da safe za a ɗauki murya. Sanitaiza ne ya tsaya mini. Na rubuta "ruwan wanke hannu", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamar Jinya: Wa alaikumus salam. Don Allah cire shi, Malam. Duk wanda ya ji "wanke" zai ɗauka an huta da sabulu. Alhali in hannu da dauɗa ko maiƙo, ko an fito daga bayan gida, sai ruwa da sabulu, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Shi kuwa sanitaiza murza shi ake yi a hannu har ya bushe. Mu a asibiti "man tsaftace hannu" muke cewa.

Ɗan Maraɗi: A nan "jel" muke ce masa tun lokacin korona, kowa na ganewa.

Baba Malami: Jel, sanitaiza, kullum aro! Hausa ta rasa kalma ne? Ku ce "shafau". Gajere, namu, ba ya buƙatar bayani.

Malamar Jinya: Baba, a gafarce ni, dakau da wankau aikin kuɗi ne. Mai sauraro zai zaci sana'a ce.

Baba Malami: 'Yar nan, tun kafin a haife ki nake koyar da nahawu. Kuma tsabta ce, ba tsafta ba.

Ɗan Maraɗi: Sabulun da kuke kārewa fa, Baba, daga Larabci muka aro shi. Aron Larabci halal, namu na Faransanci kuma abin kunya?

Baba Malami: Wannan ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, ya zama ɗan gida.

Mai Fassara: Jama'a, lokaci na tafiya. Ga wata kuma: takardar da nake fassarawa ta ce sai sinadarin alkohol da ke cikin sanitaiza ya kai kashi 60 cikin 100 kafin ya kashe ƙwayoyin cuta. In na ce "barasa", wane dattijo zai shafa ya shiga masallaci?

Malamar Jinya: Ka ce "sifirit". Kowa ya san shi, da shi ake goge wurin allura.

Baba Malami: Wani aron kuma.

Mai Fassara: Na sa "man tsaftace hannu mai sifirit", na bi shi da "ba ya maye gurbin ruwa da sabulu". Na gode ƙwarai.

Baba Malami: Ya yi tsawo ga rediyo, amma ku je. Ni dai ɗalibaina shafau za su ji. Kuma ka rubuta "tsabtace".