Tsofaffin otal-otal na Khartum: wa ya san tarihinsu?

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum jama'a. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi aikin wanki da guga a Grand Hotel da ke bakin Nilu. Yakan ba mu labarin fararen riguna masu sitaci da dutsen guga na gawayi da yake hurawa tun asuba. Ina son in sanar da 'ya'yana tarihin wurin. Yaushe aka gina shi?

Kawu Na Omdurman:
Wa alaikumus salam ɗana. A 1902 aka gina shi, zamanin mulkin Ingila da Masar, don saukar manyan baƙi. Daga baya wani kamfanin Malesiya ya karɓe shi, ya koma Grand Holiday Villa. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Acropole. Wani Bagirke, Panagiotis Pagoulatos, ya buɗe shi a 1952, 'ya'yansa suka gaje shi. Ba wani ƙato ba ne, amma 'yan jarida da masu haƙo kayan tarihi can suke sauka. An kai masa harin bam a 1988 bai durƙushe ba, sai yaƙin Afrilun 2023 ya rufe shi. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Inna Ta Mayo:
Kar ku manta da Corinthia, wanda ake kira ƙwan Gaddafi. Libiya ce ta ba da kuɗin, aka buɗe a 2008.

Ɗan Mai Wurno:
Na gode Kawu, na gode Inna. In akwai mai tsohon hoton Grand, don Allah ya turo mini.